Zazzaɓin Dada Bayan Allura

Jambutu, Jimeta

Hamma,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Adda Hauwa da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos?

Albishirinka, Dada ta tashi. Yau da kanta ta dama kunun gyaɗa.

Bayan an kwantar da ita saboda cutar mafitsara da ta shiga jininta, allurar farko sai ta ƙara mata zazzaɓi, tana karkarwa har gadon yana motsi. Goggo ta ce allurar ba ta karɓe ta ba, mu mai da ita gida. Na kusa yarda, ka san ni da kokwanto. Amma na nuna wa likita littafina da nake rubuta komai a ciki, wanda kuke yi mini dariya a kansa tun da muka gudo daga Mubi. Na rubuta lokacin allurar da lokacin da zazzaɓin ya tashi. Ta karanta, ta duba Dada sosai, ta ce akwai dafi a ɓawon waɗannan ƙwayoyin cutar, idan magani ya fasa su sai dafin ya zuba cikin jini. Ta hana a tsayar da allurar, ta ƙara mata ruwa, suna sa ido. Kwana uku zazzaɓin ya sauka.

Da na yi wa Dada bayani, cewa ta yi, "Ashe mushensu ma mugu ne." Goggo kuwa ta ce ita ma in buɗe mata shafi a littafin, na maganin hawan jininta.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya ƙara wa Dada sauƙi. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u