Na sa Yayana dafa zaiba a rufaffen ɗaki

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina.

Sana'ata tace zaiba, a wani ƙauye kusa da Anka. In zaibar masu wankin zinari ta sha datti ta daina kama zinarin, ni suke kawo wa. In wanke ta da ruwan lemun tsami, in matse a ƙyalle, sannan a dafa a tukunyar ƙarfe, tururin ya bi bututu ya sauka cikin ruwa fes, dattin ya kwanta a gindin tukunya. Amma duk yadda aka toshe sai tururin ya tsira. Da kunnena na ji ma'aikatan lafiya suna cewa yana cin jijiya, a fili ake yi, bayan gari.

Yayana malami ne, har daga Gummi ake zuwa kallon rubutunsa. Tun muna yara Inna ke ce mini, "Dubi hannun ɗan'uwanka, kai naka sai haƙar rami." Na girma ina haɗiyar maganar nan. Da rashin tsaro ya hana noma, Yayana ya zo yana sunkuyar da kai, wai in ba shi aiki. Na ba shi dahuwar. Ya ce, "Ƙanena, a waje zan ɗora?" Na ce, "A'a Malam, a ɗaki, ka rufe ƙofa da taga, iska na sace zaiba." Kuskure ne? Wallahi ina sane.

Yanzu hannunsa rawa yake, ko ludayin fura ba ya kaiwa baki sai ya zubar. Ranar da na ga alƙalami ya suɓuce masa, tawada ta ɓata takarda, daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Har na ce, "Malam, ina hannun nan da Inna ke yabo?" Ya yi murmushi, wai jarrabawa ce daga Allah. Wane irin mutum ne ni?

Alƙur'anin da ya shekara shida yana rubutawa, saura izu biyu. Ɗazu ya kira ni ya ce, "Kai ka rufa wa iyalina asiri, in ya kammala naka ne. Riƙe mini wuyan hannu in ƙarasa." Na riƙe da hannu biyu, amma ko layi ɗaya bai miƙe ba. Da zan tafi ya ce gobe da hantsi zai zo ya ɗora tukunya kamar kullum.

In na hana shi, zai tambaye ni dalili, kuma yana kallon idona. Jama'a, kafin hantsin gobe, me zan yi?