Zanen da Ka Yi wa Auta a Wuya

Zuwa ga ɗana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, karatun gyaran ƙashi da gaɓoɓi yana tafiya daidai. Allah ya kare ka, ya ba ka ilimi mai amfani. Babanka na nan da sauƙi, ƙafar ta daina kumbura. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na koye shi, amma wannan magana ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Ka tuna da ka zo hutu ka ce an fara koya muku cututtukan fata, wai mai taɓa jikin mutane dole ya san abin da yake taɓawa. Ka zaunar da ƙanwarka Auta a tsakar gida, ka ɗaga mata haɓa, kana bambance mana tabo da ƙurji da bororo, kana auna farin tabon wuyanta da abin awo. Sannan ka zagaye kowanne da biro mai tawadar da ke ƙin fita, ka ce kada ta goge, haka kuke gane ko abu yana yaɗuwa. Ni har daɗi na ji, ina cewa ɗana ya zama likita.

Ta bi maganarka, don ba ta taɓa musa maka ba. Da zanen ta tafi aiki gidan renon yara. Tabon da ba wanda ya taɓa lura da shi, sai ga shi ka yi masa shinge kowa na kallo. Wata uwa ta fizge jaririyarta daga hannunta, ta ce ai ba a zagaye abin banza, kuturta ce asibiti ke bibiya. Kafin a tashi, mai gidan renon ta ce ta zauna a gida. Kofin da take shan ruwa da shi ma a shara suka jefa, tana tsaye.

Na kai ta asibiti, likitan fata ya ce ƙyasbi ne kawai, ya ba ta man shafawa. Na je da kaina na gaya wa mai gidan renon. Ta ce ta yarda, amma iyaye ba su yarda ba, kuma ta riga ta ɗauki wata. Yanzu yaran layinmu in sun hango Auta sai su naɗe yatsu suna ɗingishi. Ta daina fita. Rannan na same ta a banɗaki tana dirje wuyan da dutsen goge kaushi har jini.

Da ta kira ka tana kuka, ta ce mini abin da ka fara tambaya shi ne ko tabon ya wuce layin, wai ta ɗauko maka hoto za ka nuna a aji. Na kwana ina juya wannan tambaya, ina neman inda na yi kuskure a renonka.

Ba hoton da za ka samu. Hutu mai zuwa ka sauka wajen kawunka, don Auta ta ce in ka shigo gidan nan za ta fita, kuma ita ba ta da inda za ta. Ni ma akwai wani baƙin abu da ya fito mini a kafaɗa yana girma, yana ba ni tsoro. Gara in nuna wa baƙo.

Babanka da gwaggonka suna gaishe ka. Ka gaishe mini da kawunka da iyalinsa. Auta ban tambaye ta ba.

Ni ce,
mahaifiyarka.