A maido mana da ƙwaryar Baba Manzo

Zuwa ga sabon shugaban kwamitin kokowar ƙauyukanmu na wajen Gangara, Alhaji ranka ya daɗe.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya haƙurinmu na rashin Baba Manzo? Ni ne Sani Gwanki, kasanni, kowa ya sanni. Sau ɗaya tak bayana ya taɓa ƙasa, shima ƙasar ce ta taso ta sameni.

Na ɗaya. Baba Manzo ya riƙe kujerar nan tun ina yaro, ba albashi, ba babur. A jaki yake zuwa Tenhya ya gayyato makiyaya su kara da mu manoma. Dokarsa guda ce: in an gama, wanda yayi kaye da wanda ya sha ƙasa su durƙusa gaban jama'a su sha fura ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya. Gero namu, nono nasu. Ranar da Jaɓɓo Bafulatani yayi min waccan aika-aikar, wato ya ka da ni, na rantse bazan sha ba. Baba ya riƙe kunnena kamar na akuya har na sha. Daga nan Jaɓɓo ya karɓi kiwon tumakina, ya sa wa ɗansa sunana.

Na biyu. Bayan girbin bana, kokowar farko da mukayi ba Baba, kace ƙwarya ƙauyanci ce, ka kawo lemon kwalba a ba wanda yaci shi kaɗai. Aka ka da takwarana ɗan Jaɓɓo. Samarinmu suka bishi da ihu har bakin rijiya, aka kai ga sanda. Kansa ya fashe, sai da jandarma suka zo. Ni da ko ranar kaciya banyi kuka ba, ranar nayi shi gaban mata.

Na uku. Ranar kasuwa Jaɓɓo ya koro min tumakina da kansa. Ko tabarma bai taka ba. Yace mutanensu sun bar zuwa filinmu.

Alhaji, roƙona kaje Tenhya da ƙafarka kafin su tashi kudu, ka duba mai rauni, ka ba su haƙuri. Ƙwaryar na nan rataye ɗakin Inna Hajara matar marigayi, tace zata bayar. Gero ni zan kawo. In nauyi kake ji ni zan shiga gaba, a fara zagina, bayana da faɗi.

Allah ya jiƙan Baba Manzo, kai kuma Allah ya tayaka riƙo, ya baka kunnen ji. Tumakin suna ɗaure a gidana, naƙi nema musu wani makiyayi, kai nake jira.

Wassalam.
Sani Gwanki