Jan Ƙyallen da Na Maƙala a Ƙirjina

Birmingham, Nuwamba 1931

Zuwa ga Winnie, hasken idona, ruwan sanyin zuciyata, tauraruwar da ta yi mini nisa,

Ina fata kina lafiya, kuma tarin mama ya yi sauƙi. Na so in ce muryarki ta fi kukan tsuntsayen bazara daɗi, sai na tsaya na tambayi kaina ko gaskiya ne, domin ba na son in rubuta miki abin da ban tabbatar ba. Gaskiya ne, Winnie! Na saurari duka biyun.

Kin tuna ranar da muka fake wa ruwan sama a ƙarƙashin gada, lokacin kina aiki a gidan da muke haya mu ɗalibai? Kwandon wanki na hannunki, ni kuma ina ta yi miki bayanin yadda girgije yake haɗuwa. Kika yi dariya kika ce, "Cyril, kai ko sama ce ta faɗo sai ka auna kaurinta." Tun daga ranar zuciyata ta zama kamar gonar da aka yi wa ruwan farko. Yau kuwa ta koma kamar tulin tokar da ke bayan ramin kwal na garinku, tana hayaƙi ba wuta.

Ki bar ni in faɗa miki yadda abin ya faru, don a ƙofarku ban sami baki ba.

Da kika rubuto cewa in zo ranar zaɓe in gaida babanki, na yi shiri irin na jarrabawa. Na karanta sakamakon mazaɓarku tun daga ƙarshen yaƙin duniya. Na haddace abin da ya faru a yajin aikin 1926, wanda tun daga shi mai ramin kwal bai sake ɗaukar baba aiki ba. Sannan na sayi jan ƙyalle na maƙala a ƙirjin kwat ɗina, domin a nan wajenmu ja launin jam'iyyar Leba ne. Wane littafi ne ya rubuta cewa a yankinku kore ne na ma'aikata, ja kuwa na 'yan Tori ne, jam'iyyar mai ramin? Na duba bayan na dawo. Babu ko ɗaya. Abu ne da kowane jariri a garinku ya sani, shi ya sa ba wanda ya ga amfanin rubuta shi.

Ina sauka daga jirgin ƙasa na ga mota ta sha jajayen ƙyallaye, irin wadda ake kai masu jefa ƙuri'a rumfar zaɓe da ita. Direban ya leƙo ya ce, "Shigo, yallaɓai, ai namu ne kai! Ina za a sauke ka?" Na ce gidan Teasdale, wato gidanku. Ya dube ni, ya ce, "Teasdale? Kai amma kana da ƙarfin hali." Na ɗauka yabo ne. Wallahi na ɗauka yabo ne! A hanya har ina ɗaga wa mutane hannu, ina mamakin yadda ba wanda ya amsa.

Sauran kin gani da idonki. Yayanki Matty yana tsaye bakin ƙofa da koren ƙyallensa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Winnie, fito ki gani! Mai rami ya aiko miki da miji, har da mota!" Mata suka fito da sabulu a hannu. Na fara yi wa baba bayani, ya bar ni na yi ta zuba, sannan ya ce, "Yaro, ka gama? To waɗanda suka kawo ka ba su yi nisa ba."

Wannan duk zan iya ɗauka. Maganarki ce ta hana ni sukuni. Kika ce, "Shekara biyu kana koya mini duniya, ba ka taɓa tambayata yadda garinmu yake ba. Kai za ka hau jirgi ka tafi, mu kuwa a layin nan za mu kwana." Kashegari aka faɗi sakamako, ɗan takararku ya sha kaye, kuma na san a idon maƙwabta motar da ta tsaya a ƙofarku tana cikin motocin da suka kayar da shi. Wannan ce ƙuri'arki ta farko a duniya, kin so mu tafi rumfa tare. Ni na ɓata miki ranar.

Ya farin wata a kan tudu, ya ƙanshin ƙasa bayan ruwa, me zan ce? In ce ban sani ba? Rashin sanin ai shi ne laifin! Da wace fuska zan roƙi baba ya ba ni ke, bayan na sa abokansa na ƙungiyar ƙwadago suna yi masa dariya? Wasiƙuna biyu sun tafi, ba amsa. Na auna abin ta kowace fuska, ban ga dalilin da zai sa ki amsa wannan ba.

Duk da haka ga abin da na yi. An ba ni aikin koyarwa a nan, na ƙi karɓa. Na nemi gurbi a makarantar ƙauyen da ke gaba da naku, kuma har yau ba su ce komai ba. Ko sun ɗauke ni ko ba su ɗauke ni ba, bayan Kirsimeti ina nan tafe, zan kama ɗaki. Ba don a yafe mini ba. Ban sa rai ba. Ina so ne in zauna inda kike zaune, a yi mini dariyar da ake yi muku saboda ni, har ta ƙare a kaina. Zan yi shiru in riƙa tambaya, abin da ya kamata in yi tun farko.

Idan wata rana kika ji yaran layinku suna bin wani da ihu, kada ki fito, kada ki jawo wa kanki magana. Ki dai ɗaga labule kaɗan.

Ni ne naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har ƙasa ta rufe idona,

Cyril Pountney