Ƙofar da Za a Toshe Ran Asabar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinki.

Inna, ran Asabar magini zai zo ya toshe 'yar ƙofar langalangar nan da ke tsakaninmu da Iya Risi, maƙwabciyarmu Bayarabiya. Malam maigidana ne ya yanke hukunci. Tun da soja suka sauka aka shiga rigingimun nan na Hausawa da Yarabawa, babu mai kwanciyar hankali a Agege. Ko tayar motar danfo ce ta fashe sai in zabura. Kayanmu na nan a ɗaure bayan ƙyaure.

Kin tuna zuwanki Ikko na farko? Ruwa ya ɗauke, kika ga dodon koɗi, ƙato kamar dunƙulen hannu, yana hawan ƙofar nan. Kika bar tuwo a wuta, kika jawo kujera. In kin taɓa ƙahonsa da tsinke ya noƙe, sai ki jira ya sake fitowa. Iya Risi ta leƙo tana dariya. Ba ta jin Hausa, ba kya jin Yarabanci, amma kuka zauna kallo har tuwon ya kama. Ran nan kika ce mini, "Wanda ya daina mamakin halittar Allah, tasbihinsa iyakarsa leɓe."

Jiya bayan ruwa na ga wani dodon koɗin a saman ƙofar. Wallahi Inna, tsintsiya na fara ɗauka, kunnena na can bakin titi. Ina ɗago kai sai ga Iya Risi ta ɗaya gefen, ta zuba masa ido. Ashe ta tsufa haka ban lura ba. Rabonmu da hira har na manta, gaisuwar ma a tsaitsaye. Ta nuna mini shi da baki, yadda kike yi. Na ajiye tsintsiyar. Muka tsaya har ya fiddo ƙahonninsa duka biyu.

Tsoron bai tafi ba, Innata. Mai yiwuwa ma Malam ne ke da gaskiya, kuma kin san ban taɓa musa masa ba. Amma yau in ya dawo daga kasuwa zan durƙusa in roƙe shi ya sallami maginin. 

Allah ya jiƙanki da rahama, ya zaunar da garin nan lafiya, ya ba ni bakin magana kafin Asabar. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hajara