Rasuwar Sista Iyatu da Kwanon Allurai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumuntar Ma'aikatan Jinya ta Lafia da Kewaye ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, kuma Mataimakiyar Shugabar wannan ƙungiya, Babbar Sista Hajiya Iyatu Ya'akubu Keana, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Alhamis, 8 ga Maris, 1990, tana da shekara arba'in da huɗu, a kan ɗaya daga cikin gadajen asibitinmu, a ɗakin matan da ta yi shekara goma sha ɗaya tana shugabanta.

Marigayiya ta fara aiki a Obi a 1967, kuma tun dawowarta Lafia aka damƙa mata ɗaliban jinya da ake turowa koyon aiki a gefen gado. Ba ta da sauƙi, ba kuwa za mu yi mata ƙarya don ta rasu ba. Ta sha korar ɗaliba saboda dogon farce, ta sha sa a warware gado a sake shimfiɗawa har sau uku. Amma duk wanda ya bi ta hannunta, ko a jikin jaririn da gudawa ta tsotse sai ya nemo jijiya.

Takardar da aka manna a allon sanarwa ta ce ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ƙungiya ba ta amince da wannan lafazi ba, don haka bari jama'a su ji yadda muke aiki. A wajenmu ba a yar da allura. In an yi wa mutum, sai a jefa ta cikin wani kwano mai ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ruwan da ke yin fari kamar madara har ba a ganin abin da ke ƙasa, kuma kafin a dafa allurai sai wani ya tura hannu ya laluɓo su ɗai-ɗai ya wanke. Safar hannu kuwa ta 'yan tiyata ce. A al'adarmu wannan aikin sabon ɗalibi ne, amma Sista Iyatu ta hana, ta shekara shida tana yi da kanta. A watan Disamba allura ta soke ta a yatsa, ta matse jinin ta ci gaba da aiki, ba ta faɗa wa kowa ba sai da idanunta suka yi rawaya. Likitan da ya duba ta ya tabbatar ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini.

Shirun da ta yi, mu muka koyar da shi. Mai sa hannu a wannan takarda ya shekara ashirin da biyu da baro Gumel, yana tsaye gaban allo yana nanata wa ɗalibai cewa allura ba ta sukar ƙwararre sai mai ganganci, har maki muke ragewa a jarrabawa. A taronmu na jiya an ce duk wanda allura ta taɓa soka ya ɓoye, ya ɗaga hannu. Cikin mutum arba'in da uku, hannu talatin da takwas muka ƙirga.

Adalci ya wajabta mu faɗa cewa mai kula da sito, Mista Martin Aper, ba shi da laifi, domin ya nuna mana kwafin takardu bakwai da ya rubuta yana neman safar hannu da dogon awartaki, ko ɗaya ba a amsa ba. Masu yawo da zancen jifa a cikin gari kuwa, da masu faɗin abin da ya fi haka muni, su ji tsoron Allah.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maigidan marigayiya, Alhaji Babandi Saleh, da 'ya'yanta biyar, da mahaifiyarta Inna Jumai, da ɗaukacin dangi na Keana. Allah Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi, Ya jiƙanta, Ya sa jinyar da ta yi wa bayinSa ta zame mata haske a kabari.

Kwana biyu kafin rasuwarta ta ce da sakatarenku: “Malam, sababbin yara suna zuwa ranar Litinin. In ba ni, wa zai sa hannu a wannan ruwa?” Ɗalibai ashirin da huɗu ne, kuma jibi za su iso. Saboda haka ƙungiya ta yanke cewa daga jibin, babu ɗalibi ko ma'aikacin da zai ƙara tura hannu cikin kwanon nan: a tsiyaye ruwan, a dafa allurai, sannan a taɓa su. Wanda allura ta soka ya faɗa nan take, ba tsawa, ba rage maki. In wani babba ya ga wannan rashin biyayya ne, kada ya nemi ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci. Ga sunan wanda zai nema a ƙasa.

Allah Ya kyautata namu ƙarshen, amin.

Malam Sa'idu Maikano Gumel
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Lafia, Jihar Filato
10 ga Maris, 1990