Ban Yafe wa Isyaku Ba

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Daga Madabo cikin birnin Kano zuwa Lakwaja, zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farin da ya sauka a busasshiyar ƙasata. Zuwa ga maigidana, wanda bakina ke kunyar kiran sunansa amma alƙalamina ba ya ji: Malam Hambali mai zane. Gaisuwa kamar yawan gero a masussuka, da begen da ya ninka ta.

Takardarka ta iso ta hannun fataken goro, na karanta ta har ta yi laushi. Abu biyu ka nema: in yafe wa Isyaku, kuma in jira ya gundure ni in faɗa, ka sawwaƙe mini. Haba, Malam! Yaushe fadama ta taɓa gajiya da jiran damina? Kada ka ƙara rubuto mini wannan kalma, ko da wasa.

Ka manta yadda ka zo ne? Daga Agadas ka biyo ayarin gishiri, ba ka taɓa ganin dawa ta fi raƙumi tsayi ba. Ayari ya juya, kai ka kasa tafiya. Baba ya sauke ka a zaurenmu kana yi masa zayyanar littattafai, da yamma kuma ka fice bayan ganuwa da shunin baba da jar ƙasa da ƙaro, kana kwashe gonakin mutane kana zubawa a takarda. Ba ka taɓa zana mai rai ba, sai kunya-kunyar gyaɗa, da rumbuna, da ɗorawa, da hadari idan ya haɗo daga gabas. Ni kuwa ina bazawara a gidan ubana, na kawo maka tuwo wata rana, na tarar ka shanya wata takarda. Giginya uku, rijiya mai karkataccen baki, dutse a bayanta: ƙauyen mahaifiyata ne, wanda rabona da shi tun tana raye! Akushi ya suɓuce mini. Ba ka ko ɗago kai ba, ka ce launin dawa idan ta nuna shi ne ya gagare ka. Washegari na aiko maka da karan dafi. A ranar ka sami janka, ni kuma na rasa zuciyata, har yau tana wurinka.

Wannan mutumin ne za a ce ɗan tawaye? Isyaku ya san ƙarya yake yi. Dillalin da ka jawo daga Kurmi ka zaunar a tabarmarka, ya ci tuwon hannuna, yana kirana matar yaya! Don kwaɗayin aikin masinja a bariki ya saci zanenka bakwai ya kai wa Bature, ya ce hanyoyin masu shirin yaƙi ne, wai rumbunan ma'ajiyar makamai ce, wani rimi da ka zana kuma mahaɗarsu. Ina iya mantawa da hantsin nan? Yaran Bature sun ɗaure hannuwanka da igiya har yatsunka suka kumbura, sun tara aikin shekara tara a ƙofar gida sun cinna wuta. Ina leƙe ta bayan asabari gonaki suna naɗewa suna zama toka, Isyaku kuwa yana tsaye da sabuwar jar hular dara, yana kallon ƙasa. Daga nan suka tasa ƙeyarka zuwa Lakwaja.

To ji abin da matarka ta yi, ya farin watana. Takarda goma sha ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin audugar kaɗi. Baba ya ba ni izini, Goggo 'Yardada ta raka ni, muka bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya har ƙafafuna suka tsage. Duk inda na buɗe takarda sai a taru. Wani tsoho, Gambo, ya ɗora yatsa a kan tasa ya ce wallahi gonarsa ce, ga ma kukar da ya binne ubansa a gindinta, wane makami ke cikin rumbunsa ban da maiwa? Dattawa tara suka biyo mu birni da ƙafa, Baba ya shige musu gaba zuwa wurin alƙali. Aka kira Isyaku, aka ce ya dafa Alƙur'ani. Ya yi alwala, ya miƙa hannu, sai ya janye shi bai dafa ba. Labari ya kai bariki, aka karɓe hular aka kore shi. Yanzu a Kurmi ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa, ba mai ba shi ko allura ya sayar. Alƙali ya rubuta a dawo da kai, amsa ce ba ta zo ba tukuna.

Shekaranjiya Isyaku ya zo zaure ya durƙusa yana kuka, wai in dubi Allah. Daga bayan ƙyaure na amsa masa: ya dawo mini da gonakin da suka ƙone, ya daidaita yatsun da ka ce har yanzu suna karkarwa, sa'an nan mu yi maganar gafara. Kai mai taushin zuciya ne, Malam, ka yafe naka in ka ga dama. Nawa yana nan daram kamar Dala. Ina so ya daɗe a duniya, ya daɗe sosai, duk layin da ya bi a nuna shi da baki, duk inuwar da ya zauna a tashi a bar masa. Ranar tsayuwa kuma ni ce zan fara riƙe wuyan rigarsa. Wuta ce a ƙirjina? Ƙwarai kuwa, amma wa ya hura ta?

Kai kuwa, raɓar safiyata, zumar da ba ta gundura, ka ci abinci, ka riƙa gasa yatsun nan da ruwan ɗumi. An ce kogi biyu ne suka haɗu a inda kake. Ko su biyun ba su kai hawayen da na zubar ba. Idan amsar bariki ba ta zo ba kafin kaka, na riga na gaya wa Baba, zan biyo fatake in same ka. Ƙafar da ta zaga ƙauye goma sha ɗaya ba za ta ji tsoron Lakwaja ba.

Taka ce ni a raye, taka ce a kabari, kuma kai zan roƙa a Aljanna.

Matarka,
Asma'u 'yar Malam Baffa